Newtown Jets ko North Sydney Bears: wacce ta fi dacewa da sabon mai bin zari-ruga?

A ƙarshen watan Satumba na 2024, a babban filin wasa na Parramatta da ke yammacin birnin Sidni a ƙasar Ostireliya, Newtown Jets ta doke North Sydney Bears da ci 28 da 22 a wasan ƙarshe na gasar NSW Cup ta jihar New South Wales. Wannan gasa ta rukuni na biyu ce, tana ƙasa da babbar gasar NRL da ake nunawa a talabijin, amma wanda ya san tarihin ƙwallon zari-ruga a wannan birni ya san cewa wasan ya fi rukuninsa nauyi. Ƙungiyoyin biyu suna cikin tara da suka buga kakar farko a 1908, kowacce ta taɓa ɗaukar babban kofi, kuma kowacce bashi ne ya raba ta da babbar gasa. Wanda karatu ko aiki ya kai shi Sidni, ko wanda ya ci karo da wasan a intanet ya ji yana son ƙungiya mai asali maimakon bin wadda ke tashe, zai iske waɗannan biyu a gabansa, kuma zaɓi tsakaninsu ya fi wuya fiye da yadda teburin gasa ke nunawa.

Kafin a shiga kwatanci, akwai abu biyu da ya kamata wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ya riƙe. Na farko, zari-rugar da ake magana a kai ita ce ta lig, mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wadda ta ɓalle daga tsohon tsari a arewacin Ingila a 1895 saboda rikici kan biyan ma'aikata kuɗin yinin da suka rasa don sun je wasa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da 'yan wasanta sau shida kafin ƙwallon ta koma hannun abokan karawa, kuma dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya yana kawo maki 4 a yau, alhali kafin 1983 maki 3 ne. Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin wannan labari, babu hawa da sauka tsakanin rukunai a Ostireliya. Ƙungiyar da ta lashe rukuni na biyu sau goma a jere tana nan inda take, domin kujerar NRL lasisi ce da hukuma ke bayarwa bisa la'akari da kuɗi da yawan 'yan kallo da kasuwar talabijin. Saboda haka wanda aka fitar ba ya dawowa da ƙarfin wasa.

A wancan zamani Newtown unguwa ce ta talakawa da ma'aikatan masana'antu a kudu maso yammacin tsakiyar birni, kuma a zauren taron unguwar aka kafa ƙungiyar a watan Janairu na 1908. Launinta shuɗi ne, an daɗe ana kiranta Bluebags, sai a 1973 ta koma Jets, sunan da ya dace da wurin da jiragen sama ke ratsawa ƙasa-ƙasa a hanyarsu ta sauka a filin jirgin Sidni. North Sydney kuwa tana tsallaken mashigin ruwa ne daga arewa, an kafa ta a watan Fabrairu na wannan shekara, launinta ja da baƙi. Sunan Bears ya zo ne a 1959 daga yarjejeniyar talla da wani babban kanti mai suna Big Bear, abin da ke nuna cewa ba kowane suna mai kwarjini ne ke da asali mai kwarjini ba.

Idan kofi ne ma'auni, Newtown ce a gaba. Ta lashe babbar gasa sau uku, a 1910 da 1933 da 1943, North Sydney kuma sau biyu, a 1921 da 1922. Kofin Newtown na farko ya zo ta wata hanya da ba za a yarda da ita ba a yau: an tashi 4 da 4 da South Sydney a wasan ƙarshe, aka miƙa mata kofin saboda ita ce ta ƙare a saman tebur. A 1933 ta doke St George da ci 18 da 5. Ban da waɗannan ta zo ta biyu har sau bakwai, ciki har da 1954 da 1955 da South Sydney ta hana ta, na biyun da tazarar maki ɗaya tak, 12 da 11. Abin da wannan lissafi ke faɗa shi ne cewa Newtown ba ta taɓa mamaye wani zamani ba, amma takan ɓullo lokaci zuwa lokaci ta tayar wa manya hankali, sannan ta koma ta yi shekaru tana fama a ƙasan tebur.

Tarihin North Sydney ya fi wannan ban mamaki, ya kuma fi shi ciwo. Tawagar da ta lashe kofi a 1921 da 1922 tana cikin waɗanda har yau ake ambata idan ana lissafa gwanayen farko: Duncan Thompson yana rarraba ƙwallo daga tsakiya, Harold Horder da Cec Blinkhorn suna gudu a gefe biyu, Chris McKivat yana horarwa. A 1921 ba a doke su ko sau ɗaya ba, a 1922 kuma suka lallasa Glebe da ci 35 da 3 a wasan ƙarshe. Daga nan ƙofa ta rufe. Shekaru 77 suka biyo baya, har zuwa fitarta a 1999, ba tare da babban kofi ba, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya kacal ta kai wasan ƙarshe.

Wannan sau ɗayan shi ne 1943, kuma Newtown ce ta tare mata hanya. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, mutum 60,922 suka cika filin kurket na Sidni, adadin da ya zarce duk wanda aka taɓa gani a gasar kafin ranar. North Sydney ta riga ta doke Newtown a zagayen kusa da ƙarshe, amma dokar wancan zamani ta ba wadda ta ƙare a saman tebur damar neman a sake karawa, Newtown ta yi amfani da damar, ta kuma yi nasara da ci 34 da 7. Kyaftin ɗin Newtown shi ne Frank Farrell, ɗan sandan da aka fi sani da Bumper, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa masu laifi a titunan Sidni su shiga taitayinsu. North Sydney kuwa Frank Hyde ne ke jagorantarta a fili yana kuma horar da ita, mutumin da daga baya muryarsa ta zama muryar zari-ruga a rediyon birnin na tsawon shekaru.

Dalilan wannan doguwar ƙishirwa ta North Sydney suna da asali a taswira. Aikin gina babbar gadar Sidni, wadda aka buɗe a 1932, ya rushe ɗaruruwan gidajen ma'aikata a gaɓar arewa, wato gidajen da ke haifar da 'yan wasa, kuma babbar hanyar Warringah ta sake cin wasu a shekarun 1960. A 1947 aka shigar da Manly-Warringah cikin gasa, aka yanka mata yankin bakin teku daga cikin ƙasar North Sydney, tare da yaran da ke tasowa a can, a lokacin da doka ta ɗaure ɗan wasa ga unguwar da yake zaune. Labarin Ken Irvine ya tattara duka wannan. Ya yi wa North Sydney wasa daga 1958 zuwa 1970, ya dire ƙwallo sau 171 bai ga kofi ba. Ya koma Manly, ya ɗauki kofi a 1972 da 1973, ya yi ritaya da jimillar 212, tarihin da ya tsaya fiye da shekara hamsin. Newtown ma ta ɗanɗani irin wannan, domin a hannunta Johnny Raper ya fara a 1957 kafin St George ta ɗauke shi ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da ƙasar ta taɓa yi.

Yadda kowacce ta fāɗi shi ne inda hanyoyinsu suka rabu. Kuɗin ƙungiyoyin Sidni ya daɗe yana fitowa daga gidajen shaƙatawa na membobinsu, inda injinan caca ke tara riba, kuma na Newtown ƙarami ne a unguwar da tsoffin mazaunanta ke ƙaura zuwa sababbin unguwannin yamma. Duk da haka ta yi wani yunƙuri na ƙarshe da ba a manta ba. Da tallafin attajirin talla John Singleton, ta kawo Manfred Moore daga ƙwallon Amurka a 1977, sannan ta ɗauko Tommy Raudonikis daga Western Suburbs, kuma a ƙarƙashin mai horarwa Warren Ryan ta kai wasan ƙarshe na 1981, inda ta jagoranci wasan har cikin zagaye na biyu kafin Parramatta ta ƙwace da ci 20 da 11. A shekara mai bi ta buga da Canterbury aka tashi babu ci ko ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a babbar gasa kafin nan ko bayan nan. A ƙarshen 1983, bayan shirin ƙaura zuwa Campbelltown ya ci tura, aka dakatar da ita saboda bashi, bayan kaka 76.

North Sydney ta fāɗi ne tana kan ƙarfinta, wanda ya sa nata ya fi ɗaci. A shekarun 1990 tana da Greg Florimo, wanda ya buga mata wasa 285, da Gary Larson da Billy Moore da David Fairleigh da Jason Taylor, ta kuma kai wasan da ke gab da na ƙarshe sau huɗu, a 1991 da 1994 da 1996 da 1997, ta sha kashi a dukansu. Na 1997 a hannun Newcastle ne da ci 17 da 12 a mintunan ƙarshe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Bayan rikicin Super League, gasar adawa da ta raba ƙungiyoyin ƙasar gida biyu, da aka kafa NRL a 1998 da ƙungiyoyi 20 da niyyar rage su zuwa 14, shugabannin North Sydney suka yanke shawarar ƙaura zuwa garin Gosford a yankin Central Coast da ke arewa da Sidni domin su tsira. Ruwan sama ya jinkirta ginin sabon filin, ƙungiyar ta yi kakar 1999 tana yawon aron fili, bashi ya taru, aka yi mata auren dole da Manly, kishiyar da aka yanka daga jikinta. Northern Eagles da aka haifa daga wannan haɗi ta yi zaman doya da manja daga 2000, haɗin ya watse, lasisin ya koma hannun Manly, wadda ta dawo da sunanta a 2003. North Sydney ta tashi a tutar babu.

Daga wannan lokaci kowacce ta zaɓi abin da za ta riƙe, kuma a nan ne mai neman ƙungiya ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Newtown ta dawo a 1991 a ƙaramar gasar Metropolitan Cup, ta lashe ta a 1992 da 1995 da 1996 da 1997, ta hau rukuni na biyu a 2000, ta kuma zauna a nan ba tare da wani babban yunƙurin komawa sama ba. Ta zama ƙungiyar renon 'yan wasa, ta yi wa Sydney Roosters wannan aiki daga 2006 zuwa 2014, ta koma Cronulla Sharks tun 2015. Ta ɗauki kofin rukunin a 2012 da 2019 da 2024, kuma a 2019 ta ƙara da kofin da ke haɗa zakarun jihohin New South Wales da Queensland, inda ta doke Burleigh da ci 20 da 16 ta hanyar dire ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe. North Sydney kuwa ta yi reno ga South Sydney daga 2007 zuwa 2018, sannan Roosters, sannan Melbourne Storm, amma idonta bai taɓa barin babbar gasa ba. Rabonta da kofin rukuni na biyu tun 1993, kuma ta sha kashi a wasan ƙarshe a 2007 da 2023 da 2024. Wanda ke son ƙungiyar da za ta riƙa faranta masa rai a watan Satumba, lissafin shekarun nan yana tare da Newtown ba tare da gardama ba.

Tsarin reno yana da aibin da ya shafi duka biyun. Ɗan wasan da ya haskaka a wannan mako yana iya ɓacewa a mako mai zuwa saboda babbar ƙungiya ta kira shi, kuma ƙarfin tawaga yakan dogara ne da lafiyar 'yan wasan wata ƙungiya daban. Ta wannan fuska doguwar alaƙar Newtown da Cronulla ta ba ta natsuwar da North Sydney, mai yawan sauya abokan hulɗa, ba ta samu ba.

Sai maganar fili, wadda a ganina ta fi kofi muhimmanci ga wanda ke zaune a Sidni. Henson Park a unguwar Marrickville tsohon ramin haƙar ƙasar bulo ne da aka cike a shekarun 1930, shi ya sa filin ke kwance a ƙasa kamar cikin kwano, gidajen unguwa na leƙo shi daga sama. A nan aka yi tseren keke na wasannin daular Birtaniya a 1938. Akwai tsohuwar rumfar zama a gefe ɗaya, amma yawancin mutane a kan gangaren ciyawa suke zama, da shimfiɗunsu da karnukansu da kekunan jarirai, kuma da an tafi hutun rabin lokaci sai yara su kwararo cikin fili da ƙwallayensu har sai an busa a koma. Jirgi na wucewa a sama, ƙararsa na haɗiye muryar mai sanarwa, wanda bisa al'ada yakan ce adadin 'yan kallo 8,972 ne, ko filin ya cika ko rabinsa babu kowa, jama'a kuma su yi shewa kamar yau suka fara ji. Gaskiya ɗaya da ya dace a faɗa wa mai karatu Musulmi ita ce giya na da babban gurbi a wannan taro, har akwai ranar bikin giya da abinci da ake yi kowace kaka, wadda ita ce ranar da filin ya fi cika. Mai iyali da ba ya son wannan sai ya zaɓi wata Asabar. A ɗaya ɓangaren, Marrickville tana gefe ɗaya na birni da Lakemba, inda masallatai da gidajen abincin halal suke da yawa.

North Sydney Oval wani abu ne daban. Yana cikin lambun St Leonards a kan titin Miller, kewaye da rumfuna masu koren rufi irin na da, ɗaya tana ɗauke da sunan Duncan Thompson, wata kuma daga filin kurket na Sidni aka ciro ta aka sake kafawa a nan, ga wani ƙaton itacen ɓaure da ke inuwa a gefe ɗaya. Ta fuskar kyan gani ya fi Henson Park nesa ba kusa ba, kuma zuwa wurinsa ya fi sauƙi, musamman tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Victoria Cross a 2024. Abin da ya rasa shi ne unguwar da ke kewaye da shi, domin North Sydney ta zama yankin dogayen ofisoshi da gidaje masu tsada, kuma da yawa daga cikin masu sanye da ja da baƙi a rumfunan mutane ne da suka ga Florimo da idonsu suna kuma jiran a mayar musu da abin da aka ƙwace.

Jiran nasu ya samu amsa a watan Mayu na 2025, lokacin da hukumar wasan ta sanar cewa Perth Bears za ta shiga NRL a 2027 a matsayin ƙungiya ta 18, daga baya kuma aka naɗa tsohon gwanin ɗan wasa Mal Meninga mai horarwa. Wannan ne babban abin da North Sydney ke da shi wanda Newtown ba ta da shi: sunanta da launinta za su koma babbar gasa. Sai dai Perth, birnin da sabuwar ƙungiyar za ta zauna a yammacin Ostireliya, tana nesa da Sidni da kimanin kilomita 3,300, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a jirgin sama, a jihar da ƙwallon AFL, wato wani wasan ƙwallo daban na 'yan Ostireliya, ke mulki, kuma an taɓa gwada ƙungiya a can, Western Reds, daga 1995 zuwa 1997, ta rushe. Sabuwar ƙungiya kan sha wuya a kakanninta na farko, kuma tambayar ko beyar da ke wasa a bakin tekun Indiya ita ce dai beyar titin Miller tambaya ce da magoya bayan da kansu ba su gama amsawa ba.

Ga wanda zai bi wasan daga Kano ko Zinder ko Kumasi, wannan ya sauya lissafi. Wasannin NRL su ne ake samu cikin sauƙi a intanet, da taƙaitattun bidiyo da sharhi da labarin kowane ɗan wasa, alhali wasannin rukuni na biyu ba duka ake nunawa ba. Agogo ma yana goyon bayan Perth: a mafi yawan kakar wasa Sidni tana gaban Nijeriya da Nijar da awa tara, don haka wasan ƙarfe uku na rana a Henson Park ya zo daidai da shida na safe, yayin da Perth ke gaba da awa bakwai kawai, wasan dare a can ya faɗo wajen tsakar rana a nan. Mai kallo daga nesa ba zai taɓa zama a kan ciyawar Henson Park ba, kuma ita ce mafi girman abin da Newtown ke bayarwa, saboda haka Bears ta fi dacewa da shi, muddin ya yarda cewa ya ɗauki ƙungiyar da rabonta da babban kofi ya haura shekara ɗari.

Ga wanda ke zaune a Sidni kuwa, ni Newtown zan nuna masa. Tana cin wasa a matakin da take, tana wasa a unguwar da ta san ta, kuɗin shiga bai kai na manyan filaye ba, kuma matasa da baƙin da suka cika Marrickville da Newtown a shekarun nan sun mayar da ita tasu ba tare da sun san Bumper Farrell ba, abin da ke sa sabon zuwa ya saje cikin sauƙi. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar gwadawa da kansa: kakar na farawa a watan Maris, kuma ƙungiyoyin biyu suna karawa a kan garkuwar Frank Hyde, wadda aka sa wa sunan mutumin da ya yi wa dukansu wasa, sai ya duba jadawali ya halarci karawar a Henson Park, ya kuma tsallaka gada ya ga yadda take a North Sydney Oval.